Ƙyauren Baffa da Ƙafafun Goggo

A gidanmu akwai wani ƙyaure da ba ya rufe kowane ɗaki. Yana tsaye a tsakiyar ɗakin aikin Baffa, an kafa shi a jikin katako mai ƙafafu, kana iya zagaya shi ta ko'ina. Tun ina ƙarama aka ja mini kunne cewa kome zan taɓa a gidan nan in taɓa, amma kada in kuskura in ɗiga wa ƙarfen ƙyauren nan mai. Kukan da yake yi in an tura shi, shi ne abincin Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne autansu. Aikinsa haɗa sauti a finafinan ban tsoro. Idan ka ga mutum a fim yana tafiya shi kaɗai, ka ji takun wani a bayansa, to Baffa ne yake taka tsakuwa a cikin tire da tsohon takalmi. Idan ƙashi ya karye, karas ne. Idan aka yaga nama, kabeji ne, kuma sau da yawa daga kicin ɗinmu ya fito ba da sanin mai girki ba. Fukafukin abin da ke shawagi a saman rufi kuwa safar hannu ce ta fata, wadda ɓera ya cinye wa babban yatsa.

Ya fara ne a shagon gyaran rediyo. Wata rana wasu masu shirya fim suka kawo na'urarsu gyara, ya ji sautin da suka ɗauka, ya ce musu wannan fatalwar tasu tana tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Suka ce to ya gwada tasa. Daga ranar bai sake komawa bakin rediyo ba. Bayan matarsa ta rasu ya dawo gidan gado da ƙyaurensa da tarkacensa, aka ba shi ɗakin baya, ya manna katifu a bango. Ni yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma tunda ni ce mai zama in saurari tsofaffi, yawancin labarin nan daga bakinsa na ji shi, sauran kuma a idona aka yi.

Baffa ba ya miƙa aiki sai ya gwada shi a kan Goggo. Goggo ita ce babbarsu, ita ta goya shi. Tun tana yarinya take tsoron wani abu ya miƙo hannu daga ƙarƙashin gado ya cafke mata ƙafa, kuma har ta tsufa tsoron bai sake ta ba. Sai Baffa ya fito da sifika falo, ya zaunar da ita a doguwar kujera, ƙafafunta a ƙasa, kwarashinta a hannu tana saƙa, ya kunna sautin zalla babu hoto. Ba ya kallon fuskarta. Ƙafafunta yake kallo. Idan ta janye su ta naɗe a kan kujera, aiki ya yi. Idan suna ƙasa, ya kwashi sifikarsa ya koma ɗaki.

Kuma da rana tsaka yake gwajin, tagogi a buɗe.

"Da duhu ko kyanwa ta ture kwano sai ku yi ihu," in ji shi. "Ni in ban tsorata Yaya rana na dukan taga ba, ban yi kome ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Auta," Goggo ta kan ce daga saman kujera, zare a warware a ƙasa. "Wata rana gawata za ka ɗauka a falon nan."

"In ɗauki sautin faɗuwar tukuna."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Masu kallo kuma suka canza. Yanzu kowa na da finafinan duniya a wayarsa, ya ga jini iri-iri, ya san daidai lokacin da abu zai faɗo daga bayan labule. Suna zuwa gidan kallo ne da ƙugu a riƙe, suna jira a burge su, in ba a burge su ba su yi dariya. Baffa ya kan ce mai kallo yana biyan kuɗi ne don a firgita shi, amma duk dabarar da ya sani sai ya yi don kada ya firgita, shi ya sa aikin ke da wuya. Bai taɓa jin haushinsu ba. Ya ce in an yi maka dariya, ka duba aikinka.

Ban san ranar da kunnensa ya fara ja da baya ba. Na dai lura butar shayi na yin fito a gabansa ba ya motsi. Ya fara cewa mutanen yanzu cikin hanci suke magana. Idan na yi sallama a ƙofar ɗakinsa sai na maimaita. Sannan sautin da yake fitowa da shi falo ya fara kumbura. Takun da a da sai ka kasa kunne, ya koma kamar ana daka. Amma Goggo na janye ƙafa, shi kuma yana murmushi yana kwashe wayoyinsa, babu wanda ya ce kome.

Fim ɗin bara shi ya tona abin. Akwai wurin da yarinya ke tsaye a ɗaki, ƙyaure ya buɗe a hankali a bayanta. Kukan ƙyauren ya fito kamar birkin babbar mota a gangare. Gidan kallo ya kwashe da dariya. Wani ya ɗauki wurin a waya, kafin sati ya zagayo har mai gyaran takalmin bakin titinmu ya iya kwaikwayonsa. In Baffa ya fito sayen sabulu sai ka ji an ja "ƙiiiiii" daga bayan shago. Shi ba ya ji sosai. Ni da nake tafiya a gefensa nake ji, in yi ta sauri kamar an aike ni.

Bayan nan darakta ya zo gida. Mutum ne mai kunya, tun yana sabon shiga Baffa ke yi masa aiki, kuma har yau ba ya zama a kujera in Baffa na tsaye. Ya yi ta juya hularsa kafin ya ce masu zuba kuɗi sun so a canza mai sauti, shi ya roƙa aka bar masa wannan sabon fim ɗin.

"Baba, wallahi na yi iya yina. In aka sake yin dariya, ba ni da bakin magana."

"Me ka ce?"

Darakta ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya maimaita da ƙarfi. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce ai sifikun gidan kallon ne suka lalace bara, shi ya gwada aikinsa a gida kuma ya ci.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Baffa ba shi da 'ya'ya, ba shi da gona, ba ya zaman majalisa. In aka raba shi da ɗakin nan ban san me zai tashi ya yi da safe ba. Kuma na san wani abu game da gwajin. A da in tsoro ya kama Goggo, kwarashi ke fara faɗuwa, sannan ƙafa ta tashi. A 'yan shekarun nan kuwa ƙafa na tashi, hannu na ci gaba da saƙa, ko idon saƙa ɗaya ba ta ɓatawa.

Na same ta a kicin tana wanke kofuna, na tsaya ina ta goge wanda ya riga ya bushe.

"Goggo, fim ɗin bara, da gaske ya ba ki tsoro?"

"Ke kuma fa? 'Yan sanda suka ɗauke ki aiki?"

"Tambaya ce kawai."

Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya. Sannan ta ce, "Ni na goya shi. Ranar da aka binne matarsa ni na zauna da shi. Ya fito da sifika yana kallon ƙafata kamar yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, ki ce in bar ta a ƙasa?"

"To ai a waje ba sa ɗaga masa ƙafa, Goggo."

"Fita ki ba ni wuri."

Na fita. Ban san me ta yanke ba, ba ta kuma sake ɗaga maganar ba. Makonni Baffa ya yi yana aikin. Ta cikin katifun bango ma muna jin ƙyauren yana kururuwa.

Ranar gwaji ta zo. Rana na dukan taga, an ajiye sifika, Goggo ta zauna da saƙarta. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, wai shara nake. Baffa ya kunna. Takun ya zo kamar ana sauke buhuna daga mota. Numfashin fatalwa kamar injin niƙa. Ƙyaure ya ja kukansa har gilashin kabad ya amsa.

Ƙafafun Goggo na ƙasa. Na ga yatsunta sun danne silifas kamar za su huda shi, amma ba ta ɗaga ba.

Baffa ya dubi ƙafafun, ya dubi sifika. Ya murɗa ya ƙara. Ya sake murɗawa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

"Auta, kashe," in ji Goggo.

Bai ji ba. Ta miƙa hannu ta zare wayar daga bango.

Shirun da ya biyo baya ya fi duk abin da ya kunna ban tsoro. Ta jawo shi ya zauna kusa da ita, ta kai bakinta kunnensa.

"Ba ka ji, Auta. Ka daɗe ba ka ji. Abin nan ba tsoro yake ba ni ba, ciwon kai yake sa ni."

"Bara kin ɗaga ƙafa."

"Na ɗaga."

"Bara waccan ma."

"Ita ma na ɗaga."

Ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Da kin bar ni na ji kunya a falo, Yaya. Falo mutum nawa ne?"

Ya tashi ya shige ɗaki, ko sifikar bai ɗauka ba. Goggo ta ci gaba da saƙa, hawaye na sauka a kan zaren, ta ce in na ci gaba da tsayuwa a kanta da tsintsiyar nan za ta karɓa ta yi mini amfani da ita.

Kwanaki ƙofarsa na rufe. Abinci in na ajiye, wani lokaci a taɓa, wani lokaci in ɗauke shi yadda na kawo. Ba taku, ba kukan ƙyaure. Darakta ya yi ta kira a waya yana tambaya ina aka kwana, ina ce masa ana kai. Goggo ta daina yi mini magana sai dole. Na yi ta tunanin ko mun kashe abin da muke son ceta, don da ƙarya aƙalla yana fitowa ya ci abinci da mu.

Wata safiya ya fito da wankakkun kaya, ya ce, "Uwata, raka ni asibiti."

Aka sa masa abin kunne, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ina zaune ina jin siririn fiton na fita daga abin kunnen, hannunsa na kan cinya. Likitar ta ce sirarin sauti sun tafi kuma ba za su dawo ba, masu kauri ne suka rage. Ta ce na'urar ji za ta taimaka masa wajen hira, amma ba za ta ba shi sauti yadda yake ba. Da muka dawo bakin gida, sai ya tsaya ya dube ni.

"Kukan ƙyaure siriri ne," ya ce. "Kin ga ni kaurinsa kawai nake ji, shi nake ta ƙarawa."

Ya wuce falo ya tsaya a kan Goggo.

"Tashi, Yaya. Tunda kin ci amanar ƙafa, za ki biya da kunne."

"Ni? A wannan ɗakin naka mai warin kabeji?"

"Ki zo da turarenki."

Haka Goggo ta koma aiki da tsufanta. Ya ajiye mata kujera a gefen na'ura, ya sa mata abin kunne a kan ɗankwali. Shi ya san yadda kowane abu ya kamata ya yi kuka, yana nan a kansa, hannunsa kuma bai manta nauyin da ake tura ƙyaure da shi ba. Ita kuma ta ji abin da ya fito. Suka yi yarjejeniya: in ya yi yawa ta nuna ƙasa da kwarashi, in ya yi kaɗan ta nuna sama. Ba ta taɓa nuna sama ba.

"Rage. Rage. Wannan fatalwar takalmin soja ta sa?"

"In na ƙara ragewa babu abin da zai saura!"

"Ni nake ji ko kai? Rage."

Wani lokaci ya ɗora tafin hannu a kan sifika ya ji ko tana rawa, ya ɗago ya dube ni da ido kamar na wanda aka ce ya taka tsani a duhu. Abin da yake haɗawa ya sauka ƙasa da inda kunnensa ke kaiwa. Ya ce mini shekarunsa duka bai taɓa sa hannu a kan aikin da bai ji ba, kuma wadda ya dogara da ita ta taɓa yi masa ƙarya. Ya faɗa a gabanta. Ta ce ya ci gaba da gori, ita dai rage.

Da darakta ya saurara, sai ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce yana da kyau, amma mutane sun saba da a buga musu abu su zabura, in suka ji shiru za su ce an cuce su, ba a sa sauti ba. Shi ma yana da gaskiyarsa, ya fi mu sanin masu sayen tikiti. Suka yi ta ja har aka tsaya a kan za a bar ƙara mai ƙarfi a farkon fim, sauran a bar wa Baffa.

An fara nuna fim ɗin da yamma. Mun zauna can baya, Baffa a bakin layi, Goggo a tsakiya, sai ni. Tun a ƙofa na ji wasu samari na cewa mai birki ne ya yi sautin wannan ma. Da aka kashe fitila na ga wayoyi a ɗage, ana jiran ƙyaure. 

Ƙarar farko ta buga. Wasu suka zabura, sannan aka yi dariya, irin ta mun gane ku. Baffa ya ga kafaɗu na rawa. Ya juyo.

"Dariya suke?"

Goggo ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta gyaɗa kai.

Ya gyara zama, ya riƙe gwiwoyinsa.

Fim ya yi nisa. Aka zo inda matar gidan ke tafiya a doguwar baranda da kwano a hannu. Takunta kawai ake ji. Ta tsaya, sai aka ji taku ɗaya ya ƙaru bayan nata, ƙarami, kamar na mara takalmi. Surutu ya fara mutuwa layi bayan layi. Ƙyauren ya motsa. Ɗan kuka ya yi, gajere, irin wanda in ka ji a gidanku za ka ce wa kanka iska ce. Wata a gabana ta sauke wayarta ta kife a cinya. A can gefe wani ya yi ƙoƙarin jan "ƙiiii", aka ce masa, "Malam, don Allah."

Baffa bai san ko ɗaya daga wannan ba. A wurinsa shirun tsoro da shirun gundura duk ɗaya ne. Na ga yana waige-waige, fuskoki kuma duk suna gaba. Sai ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya kai kansa kusan ƙasa, ya leƙa ta ƙarƙashin kujeru. Hasken fim na kwance a kan siminti. Na sunkuya ni ma.

Akwai ƙafafu da yawa a ƙasa, wasu ma na karkaɗawa. Amma nan da can akwai takalma zaune babu masu su. Silifas a layin gabanmu, wani takalmi mai tsini ya faɗi a gefe, har da wani ƙaton sandal na namiji.

Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, sai ya dubi gefensa. Goggo ta naɗe a kan kujera, jakarta ta zube a ƙasa, ta cusa gefen mayafi a baki, ita da ta ji wannan wurin sau ba adadi a ɗakin aiki.

"Na gaske ne?" ya tambaye ta.

"Rufe mini baki, Auta, abin yana bayanta."

A waje ra'ayi ya rabu. Na ji wani na cewa fim ɗin ba jini, asarar kuɗi. Na ji wata na cewa ita yau ba za ta shiga baranda ita kaɗai ba. Darakta ya zo ya riƙe hannun Baffa da hannu biyu, ya ce da ƙarfi masu kuɗi ba su ce a'a ba, ba su kuma ce e ba, sai an ga yadda mako zai kaya. Daga baya suka ba shi wani fim ɗin, ƙarami.

Shi suke yi yanzu, shi da Goggo. Ina jin su ta bango, tana cewa rage, yana cewa ta cika mulki. Kwanan baya na shiga kicin na tarar butar shayi na ta fito, Goggo na tsaye kusa da ita tana neman murfin kwano. Na jira in ga ko za ta juya. Ta ɗan jima kafin ta juya, ta ce ai ta ji, hannunta ne ke da aiki. Ban ce kome ba tukuna. Amma jiya da Baffa ya fito da sifika falo, na ajiye tsintsiya, na zauna kusa da ita a doguwar kujera, na sauke ƙafafuna ƙasa.